Muhawarar ware kaso ga waƙoƙin Jamusanci a rediyo: asalinta da abin da ke tattare da ita

Duk bayan wasu shekaru muhawara guda takan sake tasowa a Jamus, wato ko ya dace hukuma ta tilasta wa gidajen rediyo su ware wani kaso na lokacin kiɗa domin waƙoƙin da aka rera da Jamusanci. Wanda ya ji labarin daga nesa zai yi mamakin yadda ƙasa mai mutum fiye da miliyan 80, wadda kasuwar kiɗanta ke cikin manya a duniya, za ta nemi doka kafin a ji harshenta a rediyonta. Mamakin zai ƙaru idan ya ji cewa cikin masu tsananin adawa da dokar akwai mawaƙan da suka yi suna da waƙar Jamusancin kanta. Ba za a gane wannan ba sai an koma ga yadda harshen ya fita daga kiɗan matasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyoyin da ya bi ya dawo a Yammaci da Gabashin ƙasar lokacin da take rabe.

Sunayen da ake yawan cakuɗawa

Jamusawa ba sa ɗaukar waƙar harshensu a matsayin abu guda. Akwai Schlager, waƙoƙin nishaɗi masu sauƙin amshi kan soyayya da begen gida da tafiya hutu, waɗanda ba su taɓa rasa masu saye ba. Akwai Liedermacher, mawaƙin da ke rubuta baitocinsa, ya tsara kiɗansa, ya rera da kansa, galibi da jita kaɗai, kuma nauyin aikinsa yana kan ma'anar kalmomi. Deutschrock shi ne kiɗan rok na jitar lantarki da ganguna da aka ɗora wa baitocin Jamusanci. Sai Neue Deutsche Welle, sabuwar guguwar kiɗa da ta taso a ƙarshen shekarun 1970, wadda ba ta da alaƙa da tashar Deutsche Welle da masu sauraron sashen Hausa suka sani, kamancin suna ne kawai.

Shi ma kason da ake jayayya a kansa yana da fuska biyu. Wasu na nufin waƙar da aka rera da Jamusanci ko daga ina ta fito, wanda hakan ya haɗa da mawaƙan Ostiriya da Siwizalan. Wasu kuma na nufin waƙar da aka shirya a Jamus ko da wane harshe ne. A ma'ana ta farko ƙungiyar Scorpions ta birnin Hannover, wadda ta yi tashe a duniya da Ingilishi, ba ta ciki, amma a ta biyu tana ciki. Ta farko manufar al'adu ce, ta biyu manufar tattalin arziki, kuma yawancin ruɗanin da ake samu ya samo asali ne daga haɗa su a jimla ɗaya.

Yadda harshen ya zama abin zargi

Gwamnatin 'yan Nazi ta mayar da kiɗa kayan aikinta. Tun 1933 ta kafa hukumar da sai da rajistarta mutum zai yi sana'ar kiɗa, a 1935 ta hana sa kiɗan jaz a rediyo, a shekarar kuma ƙungiyar Comedian Harmonists ta wargaje saboda uku daga cikin mawaƙanta shida Yahudawa ne. Waƙoƙin gargajiya sun koma bakin ƙungiyoyin matasan jam'iyya da sojoji masu maci, Schlager kuma ya zama abin kwantar da hankalin jama'a ana tsakiyar yaƙi.

Bayan 1945 Schlager ya ci gaba da kasuwa a Yammacin Jamus, sai dai 'ya'yan da aka haifa a lokacin yaƙi da bayansa sun ji shi a matsayin kiɗan iyayen da ba sa son a tambaye su abin da suka yi. Kunnuwan matasan sun koma ga rediyon sojojin Amurka da na Birtaniya da ke girke a ƙasar. Elvis Presley ya yi aikin soja a Jamus daga 1958 zuwa 1960, ƙungiyar Beatles kuma ta goge ne a gidajen rawa na Hamburg tsakanin 1960 da 1962. Kamfanonin faifai na lokacin sun ɗauka cewa Bajamushe ba zai sayi abin da ba ya fahimta ba, har suka sa Beatles suka sake rera waƙoƙinsu biyu da Jamusanci a 1964, amma ba da daɗewa ba ta bayyana cewa matasan na asalin suke so. Daga nan aka samu wani rabo da ya daɗe: Ingilishi na samari da tawaye, Jamusanci na dattawa da shirin talabijin na daren Asabar. Ƙungiyoyin da jaridun Birtaniya suka laƙaba wa suna Krautrock, irin su Can da Neu! da Tangerine Dream, sun kauce wa matsalar ta hanyar rage baitoci ko barin su gaba ɗaya, ko amfani da wani harshe.

Waɗanda suka dawo da shi a Yamma

Masu jita ne suka fara. Daga 1964 zuwa 1969 an riƙa yin taron waƙa a fili kusa da tsohuwar ganuwar Waldeck, inda Franz Josef Degenhardt, wanda lauya ne, da Hannes Wader da Reinhard Mey suka fito. Sun koyi salo daga mawaƙan Faransa da na Amurka, suka kuma tono tsofaffin waƙoƙin talakawa da na juyin juya halin 1848 waɗanda 'yan Nazi ba su taɓa ba, domin su nuna cewa harshen yana da wani gado ban da na maci. Mey kansa ya yi suna a Faransa da Faransanci a ƙarƙashin sunan Frédérik Mey, alamar cewa kasuwar gida ba ta buɗe nan da nan ba.

Kiɗan rok ya fi wuya, domin an yi imani cewa dogayen kalmomin Jamusanci da tarin baƙaƙensa ba sa hawa wannan kiɗa. Ƙungiyar Ton Steine Scherben, wadda aka kafa a Yammacin Berlin a 1970 da Rio Reiser a gaba, ta karya wannan zato da harshen leburori da masu koyon sana'a. Ta buga faya-fayanta da kanta, waƙoƙinta suka zama taken matasan da ke mamaye gidajen da aka bari ba kowa a unguwar Kreuzberg, gidajen rediyo kuwa suka kauce mata. Udo Lindenberg, wanda asalinsa makaɗin ganga ne, ya fitar da faifansa na farko da Ingilishi a 1971 bai yi kasuwa ba, ya koma Jamusanci, a 1973 ya samu karɓuwa. Abin da ya kawo shi ne harshen mashaya da tashar jirgi, yana haɗiye ƙarshen kalmomi yana ja musu rai har su dace da kiɗan. Bayansa hanya ta buɗe wa Marius Müller-Westernhagen da Herbert Grönemeyer, da ƙungiyar BAP da ke waƙa da karin harshen birnin Kolon wanda Jamusawa da yawa ba sa gane shi sosai. A Ostiriya Wolfgang Ambros ya yi haka da karin Vienna tun 1971, a Siwizalan kuma Mani Matter da karin Bern. Babu wata doka da ta tallafa wa ko ɗaya daga cikinsu.

Gabashin Jamus, inda aka gwada kason

Wannan ne ɓangaren tarihin da kowane gefe na muhawarar ke jawowa, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. A 1958 gwamnatin gurguzu ta Gabashin Jamus ta kafa ƙa'idar 60 da 40: aƙalla kashi 60 cikin ɗari na kiɗan da ake yi a rediyo da wuraren rawa ya fito daga ƙasar ko ƙawayenta na gurguzu, na Yamma kada ya wuce kashi 40. Dalilin bai tsaya ga aƙida ba, akwai batun kuɗi, domin duk waƙar Yamma da aka kaɗa sai an biya haƙƙin mai ita da kuɗin waje da ƙasar ke ƙarancinsa.

Kason bai zo shi kaɗai ba. Kowace ƙungiya sai ta yi wasa a gaban kwamiti kafin a ba ta takardar izini, matakin da kwamitin ya ba ta kuma shi ke yanke kuɗin da za a biya ta. Kamfanin faifai na kiɗan nishaɗi guda ne, Amiga, mallakar gwamnati, kuma baitoci sai sun bi ta hannun masu tacewa. A ƙarshen Oktoban 1965, bayan an janye izinin yawancin ƙungiyoyin kiɗan matasa a Leipzig, matasa sun fito zanga-zanga, 'yan sanda suka tarwatsa su da karnuka da motocin feshin ruwa, aka tura wasunsu aikin tilas a mahaƙar kwal. A watan Disamban shekarar shugabannin jam'iyya suka yi tir da kwaikwayon kiɗan Yamma a babban taronsu.

A farkon shekarun 1970 gwamnatin Erich Honecker ta sassauta, bisa sharaɗin a yi waƙa da Jamusanci. Abin da ya biyo baya shi ne bunƙasar ƙungiyoyi irin su Puhdys da Karat da City da Silly, waɗanda suka ƙware wajen zance a kaikaice, jama'a kuma suka ƙware wajen fassara shi. Marubutan baitoci suna da wata dabara da suke kira koren giwa: su sa wani layi mai tsokana a fili da gangan domin mai tacewa ya cire shi ya gamsu ya yi aikinsa, layin da suke nufi da gaske kuma ya wuce a ɓoye. A wuraren rawa kuwa an saba cike takardar jerin waƙoƙi yadda hukuma ke so, a kaɗa abin da masu rawa ke so.

Wanda ya wuce gona da iri ya ga sakamako. A 1975 an haramta ƙungiyar Renft. Mawaƙi Wolf Biermann, wanda aka haifa a Hamburg ya ƙaura Gabas da kansa a 1953 saboda aƙida, an hana shi wasa tun 1965, sannan a Nuwamban 1976, kwana uku bayan wasan da ya yi a Kolon, aka ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa aka hana shi komawa. Marubuta da masu fasaha sun rubuta takardar ƙorafi, da yawa kuma suka bar ƙasar, ciki har da Nina Hagen da Manfred Krug. Lindenberg daga Yamma ya yi shekaru yana neman izinin wasa a Gabas, ya samu sau ɗaya a Oktoban 1983 a gaban zaɓaɓɓun matasan jam'iyya, aka soke rangadin da aka yi masa alkawari a shekara mai zuwa.

Masu goyon bayan kaso suna cewa wannan tsari, duk da muninsa, ya haifar da kiɗan rok na Jamusanci mai inganci, har wata waƙar Karat ta 1978 ta zama ta kowa bayan Peter Maffay ya sake rera ta a Yamma a 1980. Masu adawa suna amsawa da cewa ƙishirwar kiɗan waje ba ta ragu ba ko kaɗan, shaida kuwa ita ce mutum fiye da 150,000 da suka halarci wasan Bruce Springsteen a Gabashin Berlin a 1988, da kuma yadda kasuwar mawaƙan Gabas ta faɗi warwas da zarar katangar Berlin ta rushe a 1989, kafin ta farfaɗo bayan wasu shekaru. Hujjojin biyu duk gaskiya ne, sai dai ba za a iya ware tasirin kason daga tasirin tacewa da rufe iyaka ba, saboda haka darasin bai kai ƙarfin da kowane gefe ke ba shi ba.

Tashi da faɗuwar sabuwar guguwa

A Yamma, daga wajen 1977 matasan Düsseldorf da Hamburg da Berlin da suka tasirantu da kiɗan punk na Birtaniya sun fara waƙa da gajerun jimloli masu kaifi da ba'a. Ɗan jarida Alfred Hilsberg ne ya yaɗa sunan Neue Deutsche Welle a 1979. Ƙungiyoyi irin su Fehlfarben da Ideal da DAF sun fito daga ƙananan kamfanoni, da manyan kamfanoni suka ga kuɗi a ciki sai suka cika kasuwa da duk wanda ya iya rera wani abu mai ban dariya da Jamusanci, kafin 1984 jama'a sun ƙoshi. A wannan ɗan tsakanin ne waƙar Nena kan balan-balan 99, wadda ta fito a 1983 lokacin fargabar makaman nukiliya, ta kai mataki na biyu a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka da Jamusancinta, Falco ɗan Ostiriya kuma ya kai mataki na ɗaya a can a 1986.

Faɗuwar guguwar ta zo daidai da wani sauyi da ya fi ta tasiri. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, waɗanda ke rayuwa da talla, suka kawo tsarin juya ƴan waƙoƙin da bincike ya nuna ba sa sa mai sauraro ya canza tasha. Waƙar da mutum ke jin ma'anarta tana raba kan masu sauraro, wani ya so wani ya ƙi, ta Ingilishi kuwa takan wuce a bayan fage ba tare da ta dami kowa ba. Gidajen rediyon gwamnati, don gudun rasa jama'a, suka bi sahu. Grönemeyer da Die Toten Hosen da Die Ärzte suna cika filayen wasa, amma sabon mawaƙi da wuya ya samu shiga.

Abin da majalisa ta yanke da hujjojin kowane gefe

Faransa ce ta ba da misali, inda dokar 1994 ta wajabta kashi 40 cikin ɗari na waƙoƙin Faransanci a rediyo daga 1996. A shekarar 1996 ɗin mawaƙi Heinz Rudolf Kunze ya yi kira da a yi haka a Jamus, ya sha suka. Batun ya dawo da ƙarfi a 2004 lokacin da cinikin faifai ya durƙushe saboda kwafi ta intanet, ɗaruruwan mawaƙa suka sa hannu a takardar neman kaso, mataimakiyar shugaban majalisar tarayya Antje Vollmer ta jam'iyyar masu kare muhalli ta mara musu baya. A Disamban 2004 majalisar ta amince da ƙuduri mai neman gidajen rediyo su ɗaukar wa kansu alkawarin kashi 35 cikin ɗari na kiɗan Jamusanci ko wanda aka shirya a Jamus. Roƙo ne, ba doka ba, domin a tsarin ƙasar harkar watsa labarai tana hannun jihohi 16, kuma sashe na 5 na kundin tsarin mulki ya kare 'yancin gidajen rediyo wajen tsara shirye-shiryensu.

Hujjar masu goyon baya mafi ƙarfi ta shafi gidajen rediyon gwamnati. Kowane gida a Jamus yana biyan kuɗin watsa labarai, Yuro 18.36 a wata tun 2021, kuma an ɗora wa waɗannan tashoshi nauyin raya al'adu, don haka a ganinsu bai dace su zama kwafin tashoshin 'yan kasuwa ba. Suna ƙarawa da cewa ƙungiyar GEMA, wadda ke tara kuɗin haƙƙin mawaƙa, tana rabawa ne gwargwadon yadda aka sa waƙa, ke nan duk mintin da aka ba waƙar waje kuɗi ne da ya fita.

Masu adawa kala biyu ne. Gidajen rediyo suna cewa katsalandan ne, kuma mai sauraro ne alƙali. Kala na biyu su ne mawaƙan da ake kira makarantar Hamburg, irin su Blumfeld da Tocotronic, waɗanda suka fito a farkon shekarun 1990 da baitocin Jamusanci masu zurfi. Su sun ga yadda aka kai wa baƙi hare-hare a Rostock da Mölln da Solingen a 1992 da 1993, sun kuma san cewa akwai ƙungiyoyin rok na masu tsattsauran ra'ayin wariya da ke waƙa da wannan harshen, saboda haka ba su yarda a mayar da zaɓin harshe alamar kishin ƙasa ba. A wurinsu kiɗan pop tun asali na ƙetare iyaka ne. Akwai kuma hujja ta aiki: kaso yana ƙayyade harshe ne, ba ya ƙayyade iri-iri, tasha za ta iya cika shi da manyan mawaƙa goma. Faransa ta gamu da wannan matsala har ta gyara dokarta a 2016 domin rage maimaita waƙoƙi ƙalilan, ko da yake ana yawan danganta bunƙasar kiɗan rap na Faransanci da kason.

Abin da ya shafi mawaƙi da mai sauraro

Abin da ya faru bayan 2004 ya rage wa muhawarar zafi. A daidai lokacin da ake ta jayayya, ƙungiyoyi irin su Wir sind Helden da Juli da Silbermond sun mamaye kasuwa, a watan Yunin 2015 kuma aka samu makon da faya-fayai goma na farko a jadawalin ƙasar duk na Jamusanci ne. Gwamnati ta karkata ga tallafi kai tsaye, aka buɗe makarantar kiɗan pop a Mannheim a 2003, aka kafa hukumar Initiative Musik a 2007. Waɗanda aka guje wa a da sun zama abin alfahari: Claudia Roth, wadda ta taɓa zama manajar Ton Steine Scherben, ta riƙe muƙamin ministar al'adu daga 2021 zuwa 2025, a 2022 kuma aka sa wa wani dandali a Kreuzberg sunan Rio Reiser.

Idan aka kafa kaso a yau, waɗanda za su fi amfana su ne marubutan waƙa da kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin tsofaffin waƙoƙin da aka riga aka sani, sai fa idan dokar ta ware wani ɓangare domin sababbin mawaƙa, kamar yadda ƙudurin 2004 ya nema. Idan kuma aka ɗora shi kan harshe, mawaƙin Jamus da ke waƙa da Ingilishi ko Turkanci da masu kiɗa marar baiti za su rasa, idan aka ɗora shi kan ƙasar da aka shirya waƙa zai iya karo da dokokin Tarayyar Turai da suka hana fifita ɗan ƙasa a kasuwa. Mai sauraron da zai ji bambanci shi ne wanda har yanzu rediyo ne abokinsa a mota da wurin aiki, wato galibi masu manyan shekaru.

Matasa kuwa sun koma Spotify da YouTube, inda dokar rediyo ba ta kai ba, kuma a can kiɗan rap na Jamusanci ne ke kan gaba, mafi yawansa daga bakin 'ya'yan baƙi. A 2023 Lindenberg, yana da shekara 76, ya samu waƙarsa ta farko da ta hau mataki na ɗaya a jadawalin ƙasar, kuma ya yi ta ne tare da Apache 207, ɗan Ludwigshafen da iyayensa suka fito daga Turkiyya. Abin da ya rage a hannun hukuma shi ne tashoshin gwamnati, kuma ko a nan majalisun sa ido na kowace tasha da gwamnatocin jihohi ne ke da ta cewa, ba majalisar tarayya da ke Berlin ba.